Yadda ake kai wa masu Clash Royale ƙorafin kati har su saurare ka

Duk wanda ya daɗe yana buga Clash Royale, wasan waya da ake yaƙi da katuna don rusa hasumiyar abokin karawa, akwai katin da ya tsana. Wani Mega Knight ne, wani Elite Barbarians, wani kuma da ya hango Firecracker ta tsaya bayan hasumiya ransa ya gama ɓaci. To abin da yawancinmu ke yi shi ne a shiga ƙasan rubutun Supercell, kamfanin da ya yi wasan, a zazzaga masifa, ku cire katin nan ko mu goge wasan, a fito. Wlh wannan ba ya zuwa ko'ina. Kamfanin nan na birnin Helsinki a ƙasar Finland tun watan Maris na 2016 da suka saki wasan ga duniya suke shan zagi da yaruka kala-kala, naka ba zai zama sabo a wajensu ba. Amma fa suna karanta magana mai hujja, kuma sun saba fitar da jerin gyare-gyaren da suke shirin yi wa katuna tun bai zama na ƙarshe ba don kowa ya tofa albarkacin bakinsa, akan kuma ga bambanci tsakanin jerin farko da wanda aka saki daga baya. Wannan damar ce nake so ka iya amfani da ita ɗan'uwa, ga yadda nake bi.

Kayan da za ka tanada

Waya mai ɗaukar bidiyon sikirin, da ɗan fili a cikinta. In wayarka a cike take da hotunan biki to sikirinshot ma ya isa.

Littafi da biro, ko Google Sheets in ka iya. Ni na fi son littafi saboda ba sai na fita daga wasan ba.

Lambar akawun ɗinka, wadda ke farawa da alamar # a ƙasan sunanka cikin furofayil. Da ita kowa zai iya duba wasanninka ya tabbatar ba ƙirƙira kake ba.

Aboki ɗaya mai haƙuri a kilan ɗinku, wato ƙungiyarku ta cikin wasan, wanda zai yarda ku yi ta maimaita abu ɗaya.

Shafin RoyaleAPI. Ba na Supercell ba ne amma nan ne kowa ke duba alƙaluman katuna, kuma ba ya cin data sosai.

Akawun na Reddit ko Discord ko X. Sai koren lu'ulu'u 10 na shiga Classic Challenge. Sai netwok mai kyau, wanda shi ne ma ya fi wuyar samu a cikin duka.

1. Fara gano me ke cin ka

Kafin ka ɗora wa kati laifi akwai mutum uku da za ka fara wankewa: lebul, netwok, da dek ɗinka, wato jerin katunan da kake shiga wasa da su.

Lebul shi ne babba. Duk lebul ɗaya da aka ƙara wa kati, jininsa da ƙarfin dukansa na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100, kaga wanda ya fi ka lebul biyu ya fi ka da sama da kashi 20 tun ba a fara ba. Kuma ba a nan ta tsaya ba, lebul yana canza yadda katuna ke karawa da juna gaba ɗaya. Misali Fireball da Musketeer in lebul ɗinsu ɗaya ba ta mutuwa, za ta tsira da ɗan jini ta ci gaba da harbi, amma in Fireball ya fi ta da lebul ɗaya tak sai gawa. Wanda aka yi wa haka sai ya tafi yana cewa Fireball ya yi ƙarfi da yawa alhali Musketeer ɗinsa ce ba ta girma ba. In matsalarka kenan to ƙorafinka a kan yadda ake haɗa 'yan wasa ne da tsadar ɗaga katuna, magana ce mai kyau amma daban take, kar ka cakuɗa su.

Netwok kuma mu da ke buga wasa da data mun san halinsa. Ka ajiye kati ya ɗauki daƙiƙa guda kafin ya sauka, a wasan da eliksa ɗaya (abin da kake kashewa ka ajiye kati) ke cika a daƙiƙa 2.8, in an shiga ninki biyu kuma 1.4, ai Hog Rider ya riga ya kai wa hasumiyarka duka. Duk wasan da alamar netwok ta fito maka a sikirin ka soke shi, kar ka lissafa da shi ko da kai ka ci.

Sai dek. Katuna takwas gare ka, duba ko akwai amsar katin da ke damunka a ciki. In Balloon ke kashe ka kuma katinka ɗaya ne ke harbin sama, gaskiya ba Balloon ne matsalar ba.

Abu ɗaya kuma: in abin da ka gani lalacewa ce, kamar soja ya maƙale a gada ko ya ƙi kai duka, wannan ba maganar daidaita ƙarfi ba ce. Shiga Settings ka danna Help and Support ka tura musu da bidiyo. Amma kar ka kai musu ƙorafin ƙarfin kati can, ma'aikatan wajen ba su ke yanke wannan hukuncin ba, amsar da aka riga aka tsara kawai za su turo maka.

2. Rubuta wasanninka, duka

Shiga Classic Challenge, domin a can an daidaita lebul ɗin kowa, ka ci 12 ka gama ko a ci ka 3 ka fita. Bayan kowane wasa ka rubuta: dek ɗin abokin karawa, ko katin da kake zargi yana ciki, wa ya ci, sannan in an ci ka a wane lokaci wasan ya kuɓuce kuma me ya jawo. Wannan na ƙarshen shi ne mai amfani, sai ka koma ka kalli maimaicin wasan kafin ka rubuta don abin da mutum ke tunawa cikin fushi daban yake da abin da ya faru.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rubuta wasannin da aka ci shi kawai. Wanda ka lallasa mai Mega Knight 3-0 ka manta da shi nan take, wanda ya tsallako maka a daƙiƙar ƙarshe kuwa har cikin barci. A rubuta duka.

Kuma kar ka yi saurin yanke hukunci da wasa goma ko ashirin. Ko da ƙarfinku ɗaya da abokan karawa, a cikin wasa 20 yiwuwar a ci ka 13 ko fiye ta kai kusan sau ɗaya cikin takwas, sa'a ce kawai ba wani kati ba. Don haka littafinka ba shi ne hujjar cewa kati ya fi ƙarfi ba, aikinsa ya nuna maka TA YAYA katin ke cin ka.

Ka riƙa ɗaukar bidiyo da wuri, domin wasan na baya-bayan nan kawai yake ajiyewa, kuma da an yi abdet tsofaffin maimaici sukan daina buɗuwa. In ba ka da lu'ulu'un shiga Challenge, ka zaɓi wasannin Trophy Road, wato na yau da kullum da ake tara kofuna, waɗanda lebul ɗinku ya zo ɗaya da abokin karawa ka yi da su, sauran ka watsar.

3. Gwaji da aboki

Ku shiga Friendly Battle, nan ma lebul ɗaya ake ba kowa. Ba wasa za ku yi ba, gwaji ne. Shi ya ajiye katin a bakin gada shi kaɗai, kai ka tare da amsa ɗaya, ku rubuta eliksa nawa ya kashe, nawa ka kashe, jinin hasumiya nawa ya tafi, me ya rage a fili. Sai ku sake da wata amsar. Sai ku sake amma ka jinkirta ajiyewa da daƙiƙa ɗaya. Sai ku musanya, kai ka riƙe katin shi ya tare.

Wannan musanyar kar ka tsallake ta, dan Allah. Ɗauki Mega Knight tunda shi ne aka fi kuka da shi. Eliksa 7 ne, ba ya taɓa abin da ke sama ko kaɗan, in ka ajiye soja dab da shi ba ya samun damar tsalle, Knight na eliksa 3 a tsakiyar fili da taimakon hasumiya yana ɓata masa lokaci sosai, Inferno Dragon na 4 yana narkar da shi, P.E.K.K.A kuwa ba a magana. Ranar da ka riƙe shi da kanka ka ga yadda wanda ya iya yake wulaƙanta maka eliksa bakwai da uku, za ka gane bambancin kati mai ban haushi da kati mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida. Duka biyun ana iya kai ƙorafinsu, masu wasan ma sun damu da katin da ke sa mutane jin haushin wasa, amma dole ka faɗi wanne kake nufi. In ka kira mai ban haushi da sunan mai ƙarfi, mutum ɗaya zai liƙo maka alƙaluma ya rufe maka baki.

Abin da kake nema a gwajin shi ne wannan: shin akwai amsar da ta fi katin araha ko ta zo daidai da shi, kuma amsar tana shiga dek iri-iri, ko kuwa kati ɗaya ne tal a duk wasan ke iya tare shi? In kowa sai ya saka kati kaza a dek ɗinsa dole saboda tsoron kati ɗaya, to ka kama bakin zaren.

Ba ka da aboki mai wannan haƙurin? Kalli TV Royale a cikin wasan, ka nemo wasannin manya da katin ya fito ka ga yadda suke tare shi.

4. Karanta alƙaluma, amma da hankali

A RoyaleAPI kowane kati yana da lamba biyu: yawan amfani da shi, da yawan cin wasa. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, shi ya sa zan ɗan daɗe.

Na farko, zaɓi wajen da kake dubawa. Alƙaluman Grand Challenge, wato babban yayan Classic Challenge, da na manyan da ke saman jadawali su ne ke nuna ƙarfin kati a hannun wanda ya iya kuma a lebul ɗaya. Na tsakiyar Trophy Road suna nuna abin da talakan ɗan wasa ke fuskanta kullum. Duba duka biyun ka rubuta. Kati na iya cika tsakiya ya yi ƙaranci a sama, wannan alama ce ta cewa sauƙin amfani gare shi kuma tare shi na buƙatar ƙwarewa, ba lallai ƙarfi ba.

Na biyu, yawan cin wasa shi kaɗai maƙaryaci ne. Katin da mutane ƙalilan ke amfani da shi yakan nuna cin wasa mai yawa saboda masu riƙe da shi 'yan gani-kashe-ni ne da suka shekara da dek ɗaya, kuma abokan karawa ba su saba ganinsa ba. A ɗaya ɓangaren, katin da ya cika ko'ina lambar cinsa tana komawa kusa da 50 ko da ya fi kowa ƙarfi, domin sau da yawa ɓangarorin biyu duk suna da shi, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, lissafi ya koma rabi da rabi. Don haka in ka ga kati yana cikin kaso mai tsoka na dek-dek kuma duk da haka cinsa ya haura rabi, wannan ne mai laifi na gaske, ya fi wanda ke da babban ci amma ba kowa ke ɗaukarsa ba.

Na uku, ƙananan katuna irin su Log, Zap, Skeletons dama can ana yawan amfani da su saboda suna shiga kowane dek. Ka gwada kati da 'yan'uwansa masu aiki iri ɗaya, gini da gini, tsafi da tsafi, ba Log da Golem ba.

Na huɗu, wani lokacin ba katin ba ne, dek guda ne ke ɗauke da shi. Shiga jerin dek ɗin da suka fi ci ka ga ko katin na fitowa a iri daban-daban ko kuwa kullum tare da aboki ɗaya yake. Kuma in katin yana da Evolution, wato sigarsa mai ƙarin ƙarfi da aka shigo da ita a 2023, ka raba lissafin na asali da na Evolution ɗin, sau da yawa can ne ciwon yake.

Yi sikirinshot da kwanan wata a jiki, lambobin nan suna canzawa.

5. Zaɓi gyaran da za ka nema

Maɓallan da masu wasan ke murɗawa sanannu ne: jini, ƙarfin duka, saurin duka, lokacin dukan farko, nisan harbi, gudun tafiya, lokacin sauka, nisan hange, sai kuɗin eliksa. Koma littafinka ka ga wanne ne ya dace da yadda katin ke cin ka. In matsalar ita ce yana kai duka kafin ka samu damar amsawa to lokacin dukan farko za ka taɓa, ba jini ba.

Ka nemi kaɗan. In ka bi tarihin gyare-gyarensu za ka ga yawanci 'yan kaso ne ƙasa da goma cikin ɗari, ko 0.1 na daƙiƙa a saurin duka, ko rabin tayil (ma'aunin nisa a filin wasan) a nisan harbi. Sabon shiga shi ne zai ce a ƙara wa kati eliksa ɗaya kamar ƙaramin abu ne, alhali daga 4 zuwa 5 ƙarin kashi 25 ne a tsada, yana iya kashe katin gaba ɗaya. Sun taɓa yi, Royal Recruits a 2018 da eliksa 6 suka fito suka addabi kowa, aka ɗaga su zuwa 8 suka zama ba mai so, daga baya aka tsaya a 7. Kaga su kansu sai da suka yi ta laluben daidai.

Sannan ka tambayi kanka wa zai ci riba in an yi gyaran. Ka rage wa Log ƙarfi yau, gobe Goblin Barrel da Princess su ne sarakai, ka dawo kana sabon kuka. In ka ambaci wannan da kanka a cikin saƙonka, mai karantawa zai san ka yi tunani.

6. Rubuta saƙon

Gajere. Kati ɗaya, matsala ɗaya, shawara ɗaya. Ga tsarin da nake bi, kai ka cike guraben:

Kati kaza a Grand Challenge cikin kwana bakwai da suka wuce ana amfani da shi kashi kaza, yana cin kashi kaza, ga hoto. Abin da na lura shi ne in an ajiye shi a gada amsoshi kaza da kaza ba sa hana shi taɓa hasumiya duk da sun fi shi tsada, ga bidiyo. Ina ganin a rage masa abu kaza da kashi kaza. Na san hakan zai iya ƙara wa kati kaza ƙarfi amma shi yana da amsoshi da yawa. Ni ina buga dek kaza a kofuna kaza.

Layin ƙarshen nan mutane na gudunsa saboda yana tona cewa katin da kake ƙorafi a kai shi ne maganin dek ɗinka. Faɗi abinka, in ka ɓoye ma za a duba furofayil ɗinka a gano, kuma daga nan ba mai ƙara yarda da kai. Bidiyon kar ya wuce rabin minti, yanke daidai wajen.

Da Turanci ake tattaunawar. In naka bai yi ƙarfi ba rubuta da Hausa cikin gajerun jimloli ka saka a Google Translate, amma ka bi sunayen katunan ɗaya bayan ɗaya ka gyara da hannu don injin yakan fassara su su koma wani abu daban. Ko ka ba wani a kilan ya duba maka. Ba wanda ya damu da nahawunka in lambobinka daidai ne.

Banda zagi, banda barazanar goge wasa, banda kiran sunan ma'aikaci ɗaya a ɗora masa laifi. Mai zuwa gaban alƙali da shaida a hannu ba ya buƙatar ɗaga murya.

7. Ina, kuma yaushe

Sabuwar kaka a wasan tana farawa ranar Litinin ta farko a wata, gyaran katuna kuma yawanci tare da ita yake zuwa. Jerin farko da suke cewa ana kan aiki a kansa yakan fito 'yan kwanaki kafin nan, za ka gan shi a shafukansu da RoyaleAPI da wajen masu bidiyon wasan a YouTube. Ka shirya kayanka tun tsakiyar wata, jerin na fitowa ka ajiye saƙonka a ƙarƙashinsa a ranar, a Reddit na Clash Royale ko Discord ɗinsu. Wanda ya bari sai an saki gyara sannan ya fara rubutu ihu bayan hari yake.

In katinka yana cikin jerin, yi magana a kan girman gyaran, ya yi yawa ko ya yi kaɗan kuma me ya sa. In ba ya ciki, faɗa a taƙaice ka saka hujjarka. Sau ɗaya ya isa, kar ka bi kowane rubutu kana liƙa abu ɗaya, masu kula da wajen za su toshe ka.

8. In an yi maka raddi

Za a yi. Wani zai ce kai ne ba ka iya ba. Wanda ya zo da zagi ka ƙyale shi, wanda ya zo da amsar da ba ka gwada ba ka koma Friendly Battle ka gwada ta, in ta yi aiki ka dawo ka rubuta cewa ta yi. Irin wannan muhawarar ce ma'aikatan da ke hulɗa da 'yan wasa suke tattarawa su kai ciki, ko ba su amsa maka kai tsaye ba, kuma galibi ba za su amsa ba, kar hakan ya dame ka.

Ni a ganina akwai wajen da hujja ba ta cika tasiri da sauri ba, wato sabon kati ko sabon Evolution da ake kan sayarwa. Kamfani ne, kuɗi yake nema, kuma su ma sukan ce sai alƙaluma sun taru. A nan yawan masu magana ɗaya ne ke aiki, don haka in wani ya riga ka rubuta abin da kake son faɗa kuma ya rubuta da kyau, mara masa baya ka ƙara bidiyonka a ƙasa ya fi ka buɗe naka daban.

9. Bayan an saki gyaran

Kar ka duba alƙaluma a kwana biyun farko, kowa na gwaje-gwaje ne, katin da aka ƙara wa ƙarfi kowa zai ɗauka har wanda bai iya shi ba. Bari a yi sati ɗaya zuwa biyu. Sai ka sake gwajin mataki na 3 da amsoshin da ka yi amfani da su a baya ka gwada da abin da ke littafinka, wannan shi zai zama farkon saƙonka na wata mai zuwa in da buƙata.

In kuma ba Clash Royale kake bugawa ba, matakan ɗaya ne, ƙofar shiga ce ta bambanta. Free Fire na Garena suna buɗe Advance Server kafin babban abdet, ana rajista a ba ka lambar shiga ka gwada sabbin makamai da jarumai ka tura rahoto, a Android ake yi kuma ba kowa ke samun lambar ba don haka yi rajista da wuri. Call of Duty Mobile ma sukan saki manhajar gwaji lokaci-lokaci mai iyakar adadin mutane. League of Legends suna da sabar gwaji da ake kira PBE. Old School RuneScape na kamfanin Jagex a Ingila su har ƙuri'a ake kaɗawa a cikin wasan kafin a shigo da sabon abu, sai ya samu kashi 70. A wasannin harbi abin da za ka auna a filin atisaye shi ne harsashi nawa ke kashe mutum a nisa kaza, da sulke da babu sulke, a kai da a jiki, kuma ka rubuta lambar fing ɗinka, wato jinkirin netwok, a gefen kowane gwaji, domin tambayar farko da za a yi maka kenan.